Wa zai auna gajiyar malaman asibiti?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in tsoma baki cikin wata magana da ake yawan yi a garin nan, a gidajen rediyo da fadojin matasa da wuraren suna da zaman makoki, wato maganar ƙeƙashewar zuciyar malaman asibiti. Na yi shekara 31 ina aikin jinya a cikin jihar Maradi, na fara daga ƙaramar likita ta ƙauye, na riƙe CSI, wato cibiyar lafiya ta matakin farko, a matsayin majo, wato malamin jinyar da ke shugabantarta, na ƙare a ɗakin yara na wani babban asibiti kafin in yi ritaya, saboda haka abin da zan faɗa magana ce ta mai ɗaki, wanda ya san inda yake masa yoyo.

Na san abin da mutane suke faɗa a kanmu, kuma ba zan ce ƙarya suke yi ba. Suna cewa malaman asibiti ba su da imani: ana shigowa da yaro yana suma malama tana danna waya, mace tana naƙuda ana daka mata tsawa, uba yana tambayar abin da yake damun ɗansa a miƙa masa takardar magani ba tare da an ɗaga kai an dube shi ba. Duk na ga wannan da idona, wata tsawar ma daga bakina ta fito. Akwai waɗanda suka shigo aikin don sun rasa wani, akwai masu mugun hali tun daga gida, kuma ba don in wanke su na ɗauki alƙalami ba. Wanda ya mari mai naƙuda, ko ya karɓi kuɗi a kan abin da gwamnati ta ce kyauta ne, hukunci ya kamace shi. Amma akwai wasu da yawa da ni na karɓe su ranar da suka fito daga makaranta, na san yadda suka zo. Yarinyar da take zagayawa bayan ɗaki ta yi kuka idan yaro ya cika a hannunta, ita ce bayan shekara biyar ko shida za ka tarar tana rufe wa gawa fuska tana ci gaba da hirar da take yi. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan tsamin nake so mu tsaya mu bincika.

Ni kaina na gane abin ya same ni a wani dare na watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suke haɗuwa su cika ɗakin yara har a kwantar da biyu ko uku a gado ɗaya, wasu kuma a tabarma. Ina zaune ina cika rajista, sai wata baiwar Allah ta durƙusa kusa da teburina ta ce: «Malam, ka zo ka duba mini shi, kamar ya daina motsi.» Na tashi na duba, na ga rai ya yi halinsa, kuma maganar farko da ta fito daga bakina ita ce su naɗe shi da wuri domin akwai mai jiran gadon. Ban yi mata ta'aziyya ba, ban ma tuna da ita ba. Sai da gari ya waye ina shan fura a ƙofar gida maganar ta dawo mini, kuma abin da ya ba ni tsoro shi ne na lalubi zuciyata ban sami komai a ciki ba, babu baƙin ciki, babu nadama, sai son barci kawai. A wannan watan kuma nake farkawa sau biyu ko uku cikin dare in kara hannuna a hancin autana in ji ko yana numfashi, in kuma yi wa mahaifiyarsa faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Zuciya ta bushe a wurin aiki, ta zama mai saurin firgita a gida, kuma a lokacin ban san cewa abubuwan biyu tushensu ɗaya ba.

Daga baya na fahimci cewa abin yana da suna, kuma ba a kanmu aka fara ganinsa ba. A shekarar 1992 wata marubuciya mai suna Carla Joinson ta yi bayaninsa a wata mujallar ma'aikatan jinya ta Amurka, tana magana a kan malaman ɗakin gaggawa, da sunan da za mu iya kira gajiyar tausayi. A 1995 Charles Figley, masanin halayyar ɗan Adam wanda ya daɗe yana aiki da tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin Biyetnam, ya fitar da littafi a kan batun, inda aka nuna cewa mai kula da wanda ya shiga tashin hankali yakan kwashi wani kaso na wannan tashin hankali ko da shi abin bai same shi ba. Wannan nake kira firgicin aro: mafarkin abin da ka gani a jikin wani, gudun wurin da yake tuna maka da shi, zabura idan an buga ƙofa. Yana iya zuwa farat ɗaya, bayan dare guda. Yana da ɗan'uwa mai zuwa a hankali, wato galabaita da aiki, wadda yawan marasa lafiya da ƙarancin hannu da rashin kayan aiki da rashin hutu suke tarawa yau da gobe. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan galabaita cikin kundinta na 11 na rabe-raben cututtuka, a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki, ba ta ƙidaya ta cikin cututtuka ba, ta kuma ba ta alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, nisantar aikin a zuci har mutum ya riƙa kallonsa da ƙyama, da raguwar ingancin abin da yake yi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina, Malam Edita, shi ne ana iya auna wannan abu. Mu malaman jinya mutanen awo ne. Muna auna zafin jiki, muna auna hawan jini, muna ɗora yaro a sikeli, muna ƙirga numfashinsa a minti ɗaya, muna zagaya damtsensa da ɗan zaren nan mai launi uku, idan ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, mun san tamowa ta yi tsanani. Kowane ƙarshen wata majo yana kwana a kan rahoto yana ƙirga allurar rigakafi da haihuwa da mace-mace. A duk takardun nan da na cika cikin shekara 31, babu gurbi ko ɗaya da ya tambayi halin da mai cika takardar yake ciki.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya wajen gajiyar tausayi shi ne wanda ake kira ProQOL, wanda wata mai bincike mai suna Beth Stamm ta inganta daga wata takardar gwada kai da Figley ya fara tsarawa, kuma zubinsa na biyar ya fito a 2009. Tambayoyi 30 ne a shafi ɗaya, ana amsa kowace da lamba daga 1 zuwa 5, daga «ko kaɗan» zuwa «kusan kullum», kuma ana tambayar mutum ne a kan kwana 30 da suka wuce kawai. An kasa tambayoyin gida uku, goma-goma: goma suna auna daɗin da mutum yake ji idan ya taimaki wani, goma suna auna galabaita da aiki, goma suna auna firgicin aro. Kowane gida makinsa yana tsakanin 10 da 50. 22 zuwa ƙasa kaɗan ne, 23 zuwa 41 tsaka-tsaki, 42 zuwa sama ya yi yawa. Ba a haɗa makin gidajen uku wuri ɗaya, kuma akwai hikima a nan, domin mutum yana iya son aikinsa ƙwarai alhali aikin yana cinye shi, kuma irin wannan ne ya fi wuyar ganewa tun da shi kansa ba ya ƙorafi. Akwai wani ma'aunin da ya girme shi, na Christina Maslach da Susan Jackson, wanda ya fito a 1981 da tambayoyi 22, sai dai shi galabaita kaɗai yake aunawa, kuma sai an biya kuɗin izini kafin a yi amfani da shi. ProQOL kyauta ne, akwai shi da Faransanci, kuma bai wuce aikin minti goma zuwa goma sha biyar ba. Masu shi sun faɗa a fili cewa ba takardar gano cuta ba ce, manuniya ce kawai, kamar yadda zaren damtse yake nuna yaron da ya kamata a shiga da shi ciki a duba sosai.

Da abin ya tsaya a buga takarda a raba, da ban dame ka da wasiƙa ba. Matsalar ita ce ma'aunin an ƙera shi a wata ƙasa, a kan mutanen da suka saba faɗin abin da ke ransu idan an tambaye su. Mu kuwa tun muna yara aka koya mana amsar wannan tambaya. Ana ce maka «Ina gajiya?» ka ce «Ba gajiya», ko da ƙafafunka suna rawa, ana ce maka «Ina aiki?» ka ce «Aiki da godiya». Tarbiyya ce mai kyau, ba na raina ta, amma wanda ya girma a kanta idan aka miƙa masa takarda mai tambayar ko yana jin aikinsa ya zame masa tarko, hannunsa da kansa zai tafi wajen lamba 1 ko 2 kafin zuciyarsa ta yi magana. Wani kuma zai ga cewa rubuta gajiya tamkar butulce wa Allah ne, tun da ga dubban masu takardar shaida suna zaune babu aiki. Idan aka tattara irin waɗannan amsoshi, za a hau mimbari a ce an auna, malaman asibitin Maradi lafiyarsu lau, kuma wannan ya fi rashin awon muni.

Bari in shiga cikin tambayoyin kansu, domin a nan aikin yake. A cikin goman da ke auna galabaita akwai biyar da ake juya makinsu, wato wanda ya amsa 5 sai a rubuta masa 1. Ɗaya daga cikinsu tana tambayar ko mutum yana da abin da ya yi imani da shi wanda yake riƙe shi. A inda aka tsara takardar, wannan tambaya tana rarrabe mutane, domin wanda ya galabaita yakan ce babu abin da ya rage masa. A Maradi kuwa, Musulmi ne ko Kirista, wa zai ɗauki biro ya rubuta cewa imaninsa ba ya riƙe shi? Kowa zai ba da 5, har wanda ya kai gargara, kuma makin galabaitar kowa zai sauka ba don sauƙi ya samu ba. Wata daga cikin biyar ɗin tana so mutum ya faɗi ko shi mai tsananin kula da mutane ne. A nan kunya za ta ja abin zuwa ɗaya gefen, domin yabon kai jahilci ne, kuma malamar da ta fi kowa tausayi a ɗakin ita ce za ta ce «wani lokaci», makinta ya hau ba gaira ba dalili. Ga tambayoyi biyu ke nan, ɗaya tana rage mudu ɗaya tana ƙara masa, kuma babu mai iya cewa sun biya wa juna sai an gwada.

Akwai kuma tambayar ko mutum yana shan wuya wajen raba rayuwarsa ta gida da ta aiki. Wanda ya riƙe CSI a ƙauye zai yi murmushi idan ya karanta ta. Gidan majo yana cikin shingen likita ko a jikinta, ƙarfe biyu na dare ana buga masa ƙofa da amalanke a waje, ranar kasuwa ana tare shi da yaro a gaban mai nama, kuma wadda ta rasu wajen haihuwa jiya matar maƙwabcinsa ce, da shi za a yi mata sallah. A irin wannan zama babu gida daban aiki daban, don haka amsarsa ba lallai ta nuna ciwo ba, tana iya nuna tsarin ƙauye kawai. Haka tambayar zabura idan an ji ƙara ba zato. An sa ta ne don auna firgicin aro, amma malamin da yake aiki a garuruwan bakin iyaka na yankin Madarumfa ko Gidan Rumji, inda ƴan bindiga suke shigowa da dare, zaburarsa ba ta aro ba ce, tsoron ransa yake ji. Wannan yana bukatar a gane shi daban, domin maganinsa ma daban ne.

Saboda haka nake ganin aikin farko shi ne a samar da takardar da Hausa, a kuma gwada ta a nan kafin a dogara da lambobinta. Hanyar sananniya ce a wajen masu bincike: wani ya fassara zuwa Hausa, wani dabam da bai ga ta asali ba ya mayar da ita, a zauna a kwatanta a ga inda ma'ana ta zame, sannan a karanta wa ma'aikata ƙalilan a tambayi kowa abin da ya fahimta da bakinsa. Ko matakan amsar biyar sai an yi musu zama, domin tsakanin «jefi-jefi» da «wani lokaci» ba kowa ne zai ga tazara ba, kuma wataƙila zanen kwalabe biyar, daga wadda babu komai zuwa cikakkiya, ya fi kalmomi aiki. Wani zai ce ai malaman jinya duk sun yi lakwal, Faransanci ya ishe su. Ya ishe su wajen rubuta rahoto, amma baƙin ciki da Hausa yake zuwa wa mutum. Ban da haka, ɗakin marasa lafiya ba masu babbar takarda kaɗai ke riƙe da shi ba: akwai mataimaka, akwai masu shara da suke wanke jini da amai su kuma naɗe gawa, akwai ma'aikatan ƙananan ɗakunan magani na ƙauye, kuma waɗannan suna ganin abin da muke gani ba tare da an taɓa kiransu taron ƙara wa juna sani ba. Iyakokin nan na 22 da 42 ma ba saukakku ba ne. Iyakar jan zaren damtse a da milimita 110 ce, sai a 2009 aka ɗaga ta zuwa 115 bayan an duba yaran da ake rasawa a tsakani. Tazarar 23 zuwa 41 tana da faɗi ƙwarai, kusan kowa zai iya faɗawa cikinta, kuma sai an tara amsoshin mutanenmu za a san inda ya kamata a ja layi a nan.

Lokacin awon ma abin lura ne. Tun da takardar kwana 30 kawai take tambaya, wanda ya raba ta a watan Fabrairu da wanda ya raba ta a watan Satumba kamar asibitoci biyu dabam suka auna. Kowa a jihar nan ya san yadda ɗakunan yara da cibiyoyin CRENI, inda ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani, suke cika daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba, sauro kuma ya yi yawa. Ya kamata a auna sau biyu a shekara, da rani da kuma tsakiyar wannan cunkoso, a kan mutanen nan dai, domin tazarar da ke tsakanin awon biyu ita za ta nuna nawa ne nauyin aikin, nawa ne kuma ya riga ya zauna a jikin mutum ba ya sauka. Sannan akwai ranakun da ba sa jiran kalanda. Ranar 7 ga Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa ya kashe aƙalla mutum 18, washegari kuma gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta cikin garin Maradi, yara aƙalla 25 suka rasu, wasu aka kwashe su da ƙuna. An yi zaman makoki, an jajanta wa iyaye, kuma hakan ya dace. Waɗanda suka karɓi yaran nan da hannunsu, suka yanke tufafin da ya manne da fata, su ma suna cikin waɗanda ya kamata a koma wa bayan wata ɗaya a tambaye su yadda suke barci. Haka waɗanda suka yi aikin kwalara a Madarumfa a 2018, da masu karɓar ƴan gudun hijirar da suka riƙa tsallakowa daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019, waɗanda suke sauraron labarin kisa da fyaɗe kafin su ɗaure rauni.

Sai maganar sirri, wadda idan aka yi sakaci da ita komai ya rushe. Da yawa daga cikin masu riƙe da asibitocinmu ƴan kwantaragi ne ko ƴan sa-kai masu jiran a ɗauke su, kuma babu wanda zai rubuta cewa ya gaji da marasa lafiya a takardar da za ta bi ta hannun wanda yake sa masa hannu. Cire suna kaɗai bai isa ba, domin a CSI mai ma'aikata uku, da an rubuta mace mai shekara 28 an gama faɗin sunanta. Majo bai kamata ya raba takardar ba, bai kamata ya karɓa ba, na faɗi haka a matsayina na wanda ya yi majo. Wani daga waje ya zo da akwati, a haɗa sakamakon gunduma guda ko sashe guda, kuma a koya wa kowa yadda zai lissafa makinsa shi kaɗai ya riƙe abinsa. Duk ranar da aka ji an yi wa wani canjin wurin aiki ko an hana shi ƙarin girma saboda makinsa, daga ranar kowa zai koma «ba gajiya».

Takardar kuma ba za ta tsaya ita kaɗai ba, sai an jera ta da lambobin da suke kwance a rajistocinmu tun tuni: yara nawa malami ɗaya ya kwana da su, dare nawa ya yi gadi a wata, rai nawa ya fita a hannunsa, yaushe rabonsa da hutun shekara, sau nawa ya rubuta maganin da ya san babu shi a farmasi. Wannan na ƙarshen yana cin zuciya fiye da yadda ake zato. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, iyaye suka amsa kira suka zo, abin alheri ne. Amma idan kuɗin da za a mayar wa cibiyoyi ya yi jinkiri kantar magani ta bushe, malamin da ke gaban uwa shi zai ce mata ta je ta saya, shi za a kira ɓarawo, shi kuma zai ga yaron yana ƙarasawa alhali ya san allurar da za ta tsayar da abin. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana bukatar likitoci da malaman jinya da ungozoma 4.45 ga kowane mutum 1,000, wato kusan 45 ga gari mai mutum 10,000. Duk wanda ya taɓa shiga CSI ya ƙirga fararen riguna ya san nisan da ke tsakaninmu da wannan adadi. Idan aka ɗora makin gajiya a kan waɗannan lambobi, za a daina cewa wance ce mai baƙin hali, a fara ganin cewa ɗaki kaza ne yake cinye duk wanda aka tura cikinsa.

Wa zai yi aikin? Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo tana da sashen koyar da aikin likita, kuma kowace shekara ɗalibai suna neman batun da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Ga batu a ƙofar gidansu wanda bai bukatar na'ura ko ɗakin gwaji, sai takarda da biro da amana. Hukumar lafiya ta jiha ita ke da ikon buɗe ƙofa, ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan lafiya su ne za su sa mutane su yarda su amsa da gaskiya, kuma ina ganin lamba irin wannan za ta fi yi musu amfani a teburin tattaunawa fiye da yawan yajin aiki, wanda talaka ne yake biyan kuɗinsa. Malaman addini ma suna da rawar takawa, domin masu ganin faɗin gajiya rashin tawakkali ne suna bukatar a tuna musu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa.

Sharaɗi ɗaya nake kafawa, kuma da shi nake roƙon duk wanda zai ɗauki wannan shawara: kada a auna idan ba a shirya yin komai da sakamakon ba. Ba ma zagaya zare a damtsen yaro mu ga ja sannan mu sallami uwarsa ba tare da Plumpy'Nut, abincin gyaɗar nan na masu tamowa, ko takardar kwanciya ba. Abubuwan da za a fara da su ba duka ke cin kuɗi ba: wanda ya kwana gadi ya tafi gida da safe maimakon a riƙe shi har azahar, a riƙa juya ma'aikata tsakanin ɗakin tamowa da sassa masu sauƙi kafin su ƙone, a ba mutum hutunsa na shekara a lokacinsa, a ƙaro hannu daga Yuli zuwa Oktoba, kuma idan an yi rashi mai nauyi a zauna minti goma sha biyar a yi maganarsa ba don neman mai laifi ba. Wanda makinsa ya yi sama sosai, ko ya fara neman barci da ƙwaya, ko yake jin rayuwar ta ishe shi, a san ƙofar da zai ƙwanƙwasa wajen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ba tare da labarin ya riga shi komawa wurin aiki ba.

Makon jiya ɗiyar ƙanena, wadda take aiki a wani ɗakin haihuwa shekara huɗu ke nan, ta biyo ta gaishe ni bayan ta sauka daga gadi. Na tambaye ta gajiya, ta ce babu. Na ɗauko takardar ta Faransanci na ba ta, na ce ta cika ba sai ta nuna mini ba, na koma gefe ina jan carbi. Ta yi sauri a tambayoyin farko, sannan na ga biron ya tsaya, ta daɗe tana kallon wuri ɗaya. Da ta gama na nuna mata yadda ake juya makin tambayoyin nan biyar, ta lissafa da kanta, ta ninke takardar huɗu ta tura cikin jaka. Ban tambaye ta nawa ta samu ba. Da ta miƙe za ta tafi sai ta tsaya a bakin zaure ta ce: «Baba, to yanzu wa zan kai wa?» Na ce mata ta ba ni kwana biyu zan rubuta wa jarida, ta je ta kwanta tukuna, tun da gobe da yamma ita ce da gadi kuma.

Wassalam.

Naka,
Tsohon majo mai ritaya,
Maradi.